Takobi da Matsayinsa a Rayuwar Mutanen Turai na Dauri

Akwai kayan da ɗan Adam yakan ƙera domin biyan wata buƙata guda, amma idan tafiya ta yi nisa sai su ɗauki nauyin da ya wuce aikin da aka yi su dominsa. Sanda tana daga cikinsu, haka ma rawani da tambari. Takobi kuwa ya fi su duka ban mamaki, domin a cikin makaman dauri shi kaɗai ne ba shi da wata sana'a sai ta zubar da jinin mutum. Da gatari ana saran itace, da mashi da kibiya ana farauta, da wuƙa ana yanka ana fiɗa. Takobi bai dace da ko ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka ba. Duk da haka shi ne aka fi girmamawa. Shi aka raɗa wa suna kamar ɗa, aka yi masa ado kamar amarya, aka yi rantsuwa da shi, aka bar wasiyya a kansa, har aka kwantar da shi a kabari ɗaya da mai shi.

Zamanin da za a duba a nan shi ne wanda ya biyo bayan faɗuwar daular Rum ta Yamma a shekarar 476, har zuwa wajen ƙarni na 11. A tsawon wannan lokaci Turai ta rarrabu a hannun sarakunan ƙabilu, kamar Farankawa a inda Faransa da yammacin Jamus suke a yau, da Angulo-Sakson a Ingila, da mayaƙan teku na arewa da ake kira Baikin a Nowe da Suwidin da Denmak. Hukuma ba ta da ƙarfi, masu karatu da rubutu 'yan ƙalilan ne, amincin mutum kuma ya dogara ga danginsa da ubangidansa. A irin wannan hali abin da ido ya gani ya fi abin da aka rubuta tasiri, shi ya sa takobi ya zama wani harshe wanda kowa yake jin maganarsa ko da yana cikin kube.

Wahalar Ƙira da Tsada

Darajar takobi daga maƙera ta faro. A farkon wannan zamani ƙarfen da ake samu daga tama ƙanana ne, kuma ingancinsu bai zama ɗaya ba: wani yana da taushi ya lanƙwashe, wani yana da tauri ya karye. Ƙarfe ɗaya ba ya amo, sai maƙera suka gano dabarar haɗa su. Maƙeri zai jera siraran sandunan ƙarfe iri-iri, ya zuga su a wuta, ya murɗa su kamar mai tufkar igiya, ya doke su da masaba har su zama abu guda, sannan ya liƙa ƙarfe mai tauri a gefe biyu domin kaifi. Idan aka wasa aka goge, sai wani zane ya bayyana a jikin ruwan takobin, kamar kan maciji yana saɓi ko ruwa yana gudu. A farkon ƙarni na 6 Sarki Tiyodorik na Italiya ya aika wa wani sarki na arewa takardar godiya saboda kyautar takubba, kuma abin da ya fi yabawa a cikinta shi ne wannan zane da ƙyallin ƙarfen da mutum zai iya ganin fuskarsa a ciki.

Tsawon irin wannan takobi bai cika wuce santimita 90 ba, nauyinsa kuwa kilo ɗaya ne da 'yan kai. Sai dai aikin da ke cikinsa na kwanaki ne masu yawa, ga gawayi, ga ƙarfe, ga ƙwarewar da ba kowane maƙeri ke da ita ba. Wata dokar Farankawa ta ƙarni na 7 ta ƙayyade kuɗin kayan da za a iya bayarwa a madadin diyya. A cikinta an yi wa sa lafiyayye kuɗi tsabar zinariya 2, mashi da garkuwa a haɗe su ma 2, amma takobi da kubensa 7. Ke nan takobi na yau da kullum ya fi shanu uku. Na sarakuna kuwa ba a magana. Sarki Alfred na Ingila, wanda ya yi mulki daga 871 zuwa 899, ya bar wa surukinsa wasiyyar takobin da kuɗinsa ya kai mankus 100, alhali a wajen wannan zamani mankus ɗaya shi ne kuɗin sa guda. Mutum ya rataya garken shanu ɗari a kafaɗarsa ke nan.

Shaidar 'Yanci da Girma

Tun da abin yana da tsada haka, ba kowa ke riƙe shi ba. Makamin talaka mai 'yanci shi ne mashi da garkuwa. Masu binciken kayan tarihi da suka tona maƙabartun Angulo-Sakson na ƙarni na 5 zuwa na 7 sun tarar cewa a cikin kaburburan da aka binne maza da makamai, kimanin ɗaya cikin goma ne kawai yake da takobi. Wani abin lura kuma shi ne, daga cikin waɗanda aka binne da makamai akwai yara da ba su isa yaƙi ba, akwai kuma masu naƙasar da ba za ta bar su su shiga fagen fama ba. Wannan ya nuna makamin da ke cikin kabari ba koyaushe yake nufin mamacin barde ne ba. Sau da yawa abin da yake sanarwa shi ne ɗan gidan wane ne.

A gidajen sarauta, ranar da aka ɗaura wa yaro takobi ita ce ranar da ya shiga sahun manya. A shekarar 791 Sarki Sharlaman na Farankawa ya ɗaura wa ɗansa Luwis takobi a birnin Regensbag, yaron yana da shekara 13. Bayan shekara 42, wato a 833, 'ya'yan wannan Luwis ɗin suka yi masa tawaye. Da suka so raba shi da mulki ba su kashe shi ba. An kai shi wani coci a garin Suwason, aka sa shi ya kwance ɗamarar takobinsa da hannunsa ya ajiye a gaban jama'a, ya sanya tufafin masu tuba. Duk wanda yake wurin ya fahimci abin da aka yi: wanda ba ya rataya takobi ba ya jagorantar mayaƙa, wanda ba ya jagorantar mayaƙa kuwa ba sarki ba ne. A 834, da al'amura suka juya, hanyar da aka bi aka mayar da shi kan gadonsa ita ce sake ɗaura masa makamansa. Haka kuma a 936, lokacin naɗin Otto na Ɗaya a birnin Aken, takobi ne abu na farko daga kayan sarauta da aka miƙa masa, kafin alkyabba da sanda da kambi.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san fadar ƙasar Hausa. Takobin nan Gajere yana cikin kayan sarautar Katsina, haka kuma a fadar Daura ana adana takobin da ake jingina wa Bayajidda. Ba domin yaƙi aka ajiye su ba. Amfaninsu shi ne su shaida cewa mai riƙe da su a yau reshe ne na itacen da aka dasa tun da daɗewa.

Kyauta Mai Igiya a Wuya

A wancan zamani sarki ba ya biyan dakarunsa albashi. Abin da yake yi shi ne ya ciyar da su a zaurensa, ya raba musu ganima, ya ba su dawaki da zobba da makamai. Mafificiyar kyauta ita ce takobi, kuma ita ce mafi nauyi, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya karɓi takobi daga hannun ubangida ya yi caffa ke nan: zai bi shi yaƙi, zai kare shi, idan an kashe shi zai ɗaukar masa fansa. A Ingila da ƙasar Farankawa da ƙasashen arewa an tono takubba na ƙarni na 6 da na 7 waɗanda aka saƙala wa zobe biyu masu sarƙe da juna a kan ƙotarsu. Masana da yawa suna ganin zobban alama ce ta alkawarin da ya ɗaure bara da ubangidansa.

Akwai wani labari da marubucin nan na tsibirin Aisilan, Snorri Sturluson, ya kawo a tarihin sarakunan Nowe da ya rubuta wajen shekarar 1230. Sarki Atelstan na Ingila ya aika wa Sarki Harald na Nowe takobi mai ƙotar zinariya. Manzo ya shiga fada ya miƙa takobin ta wajen ƙota, Harald ya miƙa hannu ya kama. Nan take manzon ya sanar da cewa tun da ya karɓa ta yadda barori suke karɓa, to ya zama baran Atelstan. Harald ya haɗiye fushinsa. Da shekara ta zagayo sai ya aika da ƙaramin ɗansa Hakon aka ɗora shi a kan cinyar Atelstan, domin a al'adarsu mai riƙon ɗan wani shi ne na ƙasa. An rubuta labarin ne kusan shekara 300 bayan zamanin sarakunan, kuma yana da kamannin hikaya. Amma hikaya ba ta yin daɗi sai masu sauraro sun san abin da ake nufi. Waɗanda aka rubuta wa labarin sun san cewa ta inda aka kama takobi kaɗai ya isa ya nuna wane ne ubangida, wane ne bara.

Hatta mutuwa ba ta tsinke wannan igiya. Dokokin Sarki Kanut na Ingila, na wajen shekarar 1020, sun ƙayyade abin da za a mayar wa sarki daga dukiyar babban hakimi idan ya rasu: dawaki 8, huɗu da sirdi huɗu babu, kwalkwali 4, sulke 4, masu 8, garkuwoyi 8, takubba 4 da mankus 200 na zinariya. Bafaden sarki kuwa takubba 2 ne a kansa. Asalin wannan haraji shi ne cewa makamai aro ne daga ubangida, idan mai aron ya kau sai su koma inda suka fito, a ɗaura wa wani. Dokar ta yafe wannan biya ga wanda ya faɗi a fagen fama a gaban ubangidansa, domin shi ya riga ya biya da abin da ya fi takobi tsada.

Suna da Asali

Da tsohuwar zuma ake magani. Mutanen wancan zamani sun fi amincewa da tsohon takobi a kan sabo, kuma suna da dalili. Sabon takobi ba a san halinsa ba sai ranar da aka gwada shi, ranar kuwa ba ta da gyara. Wanda ya shiga yaƙe-yaƙe ya fito bai karye ba ya riga ya ba da shaida. Bugu da ƙari, an yi imani cewa sa'ar waɗanda suka riƙe shi a baya tana maƙale a jikinsa. A shekarar 1014 wani yarima na Ingila mai suna Atelstan, ɗan Sarki Etelred, ya yi wasiyya yana kan gadon mutuwa. Ya lissafa takubbansa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da siffarsa da wanda zai gada, ya ware wa ƙanensa Edmund wanda ya ce mallakar Sarki Offa ne. Offa kuwa ya rasu tun 796. Ke nan takobin ya haura shekara 200 yana yawo daga hannu zuwa hannu, kuma ba a manta da mai shi na farko ba. Abin da yariman ya bar wa ƙanensa ya wuce ƙarfe: ya nuna masa ne cewa shi ya cancanci ɗaukar nauyin gida. Bayan shekara biyu Edmund ya hau gadon sarauta.

Abin da yake da asali dole ya sami suna. A cikin Beyowulf, doguwar waƙar jarunta ta tsohon Ingilishi wadda kwafinta da ya tsira aka rubuta shi wajen shekarar 1000, takubba suna da sunaye kamar Hurunting da Nagiling, kuma mawaƙin yakan tsaya ya ba da tarihinsu kamar yadda maroƙi yake jero kakannin basarake. A labaran Aisilan akwai Sukofnung, takobin da aka ce yana da sharuɗɗa: ba a zare shi a gaban mace, ba a barin rana ta haska ƙotarsa, raunin da ya yi kuma ba ya warkewa sai an shafa wani dutse da ke tafiya tare da shi. Hakon ɗin nan da aka ambata, takobin da mai riƙonsa ya ba shi an kira shi da sunan da ke nufin mai cizon dutsen niƙa, domin an ce ya taɓa tsaga dutsen da sara ɗaya.

Abin sha'awa shi ne, mawaƙan da suka wasa takobi ba su ɓoye cewa yana ba da kunya ba. Hurunting ya ƙi ci a lokacin da Beyowulf ya fi buƙatarsa, Nagiling kuma ya karye a faɗansa na ƙarshe. A nan ne wani saurayi daga cikin barorinsa ya tsaya masa bayan sauran sun tsere da makaman da shi ya ba su. Darasin a bayyane yake. Ƙarfe yana iya yaudara, abin dogaro shi ne amanar wanda aka ba ƙarfen.

Rantsuwa da Doka

Kafin addinin Kirista ya kafu a arewacin Turai, da makami ake rantsuwa. Tsohon tarihin Rasha ya bayyana yadda aka ƙulla yarjejeniya a shekarar 944 tsakanin Sarki Igo na Kiyef da daular Rum ta Gabas. Mutanensa da suka shiga Kiristanci sun yi rantsuwa a coci. Sauran kuwa sun ajiye garkuwoyinsu da takubbansu tsirara a ƙasa, suka rantse cewa duk wanda ya saɓa alkawari makaminsa ya juyo kansa. Hikimar abin ita ce, mayaƙi ya jingina ransa ga takobinsa, saboda haka babu la'anar da ta fi tsoratar da shi kamar a ce wannan abokin tafiya ya ci amanarsa.

Sarakuna kuma sun san cewa abin da ya tsare gida yana iya rushe shi, don haka suka kewaye shi da dokoki. A dokokin Alfred, wanda ya yi faɗa ko ya zare makami a zauren sarki ransa yana hannun sarki, in ya so ya kashe, in ya so ya yafe. Wanda ya ara wa wani makami aka yi kisa da shi, sulusin diyya yana kansa, domin zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Hatta mai wasa takubba an ɗora masa alhakin mayar da abin da aka ba shi ba tare da an aikata ɓarna da shi a hannunsa ba. Malaman coci su ma sun bi ta tasu hanyar. A wani littafin addu'o'i da aka tsara a birnin Mainz a tsakiyar ƙarni na 10 akwai addu'ar sa wa takobi albarka, inda ake roƙon ya zama kariya ga wuraren ibada da matan da mazansu suka mutu da marayu. A 989 kuma wani taron limaman coci a garin Sharu na Faransa ya la'anci duk mai makamin da ya ƙwace dabbar talaka ko ya taɓa malamin da ba ya ɗauke da makami. Yawan irin waɗannan dokoki shi kansa shaida ne cewa ɓarnar tana faruwa, domin ba a yi wa hanyar da ba a bi shinge.

Takobi a Cikin Ƙasa

Mafi yawan takubban wancan zamani da ake gani a gidajen tarihi a yau daga kaburbura da koguna aka samo su. A 1653 ma'aikata suka ci karo da kabarin Sarki Shildarik na Farankawa, wanda ya rasu wajen 481, a garin Turne na Beljiyam ta yau. A ciki an sami adon takobi na zinariya da jajayen duwatsu masu daraja. A 1939 aka tona wani tudu a Saton Hu da ke gabashin Ingila, aka tarar da alamar jirgin ruwa mai tsawon mita 27 wanda aka binne wani babban mutum a cikinsa a farkon ƙarni na 7, da kwalkwalinsa da garkuwarsa da takobi mai ƙotar zinariya. A Nowe kaɗai an sami takubban zamanin Baikin fiye da 3,000.

Mai karatu zai iya tambaya: me ya sa za a binne dukiyar da ta kai garken shanu? Amsa ɗaya ita ce imanin cewa mamaci zai buƙaci kayansa a inda za shi. Amsa ta biyu tana wajen masu rai. Jana'iza taro ce, kuma magadan da suka iya zuba irin wannan dukiya a rami a gaban jama'a sun sanar da kowa cewa akwai saura a gida. Wasu takubban ma sai da aka sa su a wuta aka lanƙwasa su, ko aka karya su, kafin a binne. Ana fassara wannan da cewa an kashe takobin ne domin ya bi mai shi, ana kuma fassara shi da hana masu tonon kabari amfana da shi. Kowace fassara aka ɗauka, an yi wa ƙarfe abin da ake yi wa mai rai.

Wani abin da aka gano a 2009 a wata gona a yankin Stafodshaya na Ingila ya nuna ɗaya fuskar al'amarin. Tarin zinariya da azurfa ne da nauyinsu a haɗe ya haura kilo 5, mafi yawansu adon ƙotar takubba ne na ƙarni na 6 da na 7, an ɓamɓare su da ƙarfi, kuma babu ruwan takobi ko ɗaya a ciki. Ƙota ita ce fuskar takobi, da ita ake gane na wane ne. Wanda ya kware ta ya shafe sunan mai shi, ya mayar da ƙarfen maraya wanda za a iya yi wa sabuwar riga a ba wani.

Daga Kogin Rayin Zuwa Bagadaza

Tun daga ƙarni na 9 maƙeran ƙasar Farankawa suka samu ƙarfe mai inganci, dabarar murɗa sanduna ta fara ja da baya. A maimakon zane sai aka koma dasa rubutu a jikin takobi. Sunan da ya fi shahara shi ne Ulfberht, wanda aka samu a jikin takubba kimanin 170 a sassan Turai, mafi yawansu a ƙasashen arewa. Binciken ƙarfensu ya nuna wasu nagari ne ƙwarai, wasu kuwa ƙarfen banza ne da aka manna wa sunan, har da kuskuren haruffa. Ashe jabu ba yau ya fara ba. Sarakunan Farankawa sun yi ƙoƙarin hana waɗannan makamai fita. A 805 Sharlaman ya hana fatake sayar da makamai da sulke ga ƙabilun gabas, a 864 kuma jikansa ya yanke hukuncin kisa ga wanda ya sayar wa Baikin makami ko doki. Yawan takubban Farankawa da ke cikin kaburburan Nowe ya isa ya nuna yadda dokar ta kasance.

Labarin waɗannan takubba ya isa ƙasashen Musulmi, inda takobi yake da nasa matsayi tun asali. Zulfiƙari, takobin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya samu a ganimar Badar a 624, wanda daga baya aka san Sayyidina Ali da shi, sunansa ya zama ruwan dare a adabin Musulmi. Khalid bin Walid kuma da laƙabin Takobin Allah aka san shi. A ƙarni na 9 masanin nan Al-Kindi ya rubuta wa Halifa Mu'utasim littafi a kan takubba, ya rarrabe na Yaman da na Indiya da na Farankawa, kowanne da ƙarfensa da zanensa. A 922 Ibn Fadlan, wanda ya fito daga Bagadaza cikin tawagar Halifa Muƙtadir, ya haɗu da fataken Rus a bakin kogin Bolga, ya ba da labarin cewa kowannensu ba ya rabuwa da gatari da wuƙa da takobi mai faɗi irin na Farankawa. Ibn Rusta, wanda ya yi zamani da shi, ya ruwaito cewa idan aka haifa wa ɗayansu ɗa namiji sai ya ajiye takobi a gaban jaririn, ya shaida masa cewa ba shi da gadon da zai bar masa sai abin da ya nema da wannan.

Abin da Ado Ya Ɓoye

Bai kamata ƙyallin zinariya ya rufe wa mai karatu ido ba. Duk waɗannan waƙoƙi da wasiyyoyi da dokoki daga bakin masu takobi suka fito, ko daga bakin waɗanda suke ci a ƙarƙashinsu. Manomin da aka ƙone wa rumbu da matar da aka kama aka sayar a kasuwar bayi ba su bar waƙa ba. Dukiyar da ubangida yake rabawa a zaure ganima ce, ganima kuwa asarar wani ce. Littafin tarihin fadar Farankawa da kansa ya rubuta cewa a 782 Sharlaman ya sa an kashe Saksonawa 4,500 a rana ɗaya a garin Ferden. Sarkin da ya ɗaura wa ɗansa takobi cikin girma da arziki shi ne dai ya ba da wannan umarni. Karamci a cikin zaure da ta'adi a wajensa kuɗi ɗaya ne mai fuska biyu, domin sarkin da ya daina kai hari ba shi da abin rabawa, wanda ba shi da abin rabawa kuma barorinsa watsewa suke yi.

To, me ya sa mutanen suka dage wajen lulluɓe wannan ƙarfe da suna da rantsuwa da addu'a? A iya cewa domin sun san shi ne sarai. Al'ummar da ba ta da 'yan sanda ko kurkuku ba za ta iya raba mayaƙa da makamansu ba. Abin da ta iya shi ne ta ɗaura wa makamin igiyoyi: wane ne ya ba ka, a gaban wa ka karɓa, me ka rantse a kai, su wa suka riƙe shi kafin kai, wa za ka mayar wa. Igiyoyin sun sha tsinkewa, amma sun sa mai takobi ya san cewa akwai wanda zai tambaye shi, kuma akwai kunyar da ta fi mutuwa.

Zamanin takobi ya wuce. Inda ya saura a yau, a naɗin sarauta ne da faretin soja da hawan salla. Tambayar da ya tilasta wa mutanen dauri su amsa kuwa ba ta wuce ba: wane ne ya cancanci riƙe abin da yake kashewa, kuma a gaban wa zai yi bayani? Makamin da ya gaji takobi ya fi shi araha, ya fi shi saurin ɓarna, ba shi da suna, ba a san maƙerinsa ba, kuma yana iya faɗawa hannun yaron da babu wanda ya ɗaura masa shi balle ya karɓi alkawari daga gare shi. Mutanen da ake kira na zamanin duhu sun gane cewa kaifi ba ya tsare kowa sai an haɗa shi da kube. Kuben da suka fi dogara da shi kuwa ba na fata ko na itace ba ne. Amana ce da doka da tsoron abin da za a faɗa a bayan mutum.